Shekarar da Maigidana Ya Ci Takalman Sarjan

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da shekarar da na koya wa maigidana karta ba, ni da ban taɓa riƙe ta da hannuna ba. Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, a ƙauyenmu kusa da Hawandawaki. Hatsi bai yi ba, rumbuna wayam, idon kowa na kan hanyar Tasawa, inda kamyo, wato babbar motar kaya, ke ɓullowa da jar dawa ta taimako. Mai rabon dawar a garinmu wani tsohon soji ne da ake ce wa Sarjan. Takardar sunaye a hannunsa take, tiyar awo ma haka.

Da yake babu aikin gona, sai maza suka samu abin yi. Wani da ya dawo daga Abijan ya zo musu da wata karta wai ita foka. A ba kowa kati biyar ya ɓoye, a zuba goro ko sukari ko ƙwai, mai ƙarfin hali ya ƙara, mai tsoro ya ajiye. Ko katinka na banza ne, in ka iya burga sai ka kwashe. Majalisar tasu kuwa gindin gawo ce, jikin dangarmu, daidai inda nake zama ina saƙar faifai. Ni ba mai fita ba ce, amma kunnena ba inda ba ya zuwa.

Kullum sai a ci maigida. Goro ya tafi, ƙwan zabina suka bi, har da jan zakarana. Sarjan kuwa kullum shi ke kwashewa.

Sai maigida ya tashi gyara, wai fuskarsa ke tona shi. Ya ari rawani wurin wani Buzu maƙwabcinmu, ya naɗa har hanci, ya zauna tsakar gida da ɗan madubina yana koyon ɗaure fuska. Akuya ma sai da ta bar tuƙa ta tsaya kallonsa.

"Uwar yara, dube ni. Me kika gani?"

"Na ga mai ciwon haƙori."

"Ke dai ba ki san komai ba. Wannan harkar maza ce."

"To, Allah ya taimaki maza. Amma ba fuskarka ba ce, maigida, bakinka ne. In katinka ya yi kyau sai ka yi tsit kamar gidan gaisuwa. In ya ɓaci sai ka hau tambaya: ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar jaki. Jiya sau uku ka gaida mutum ɗaya."

Ya sauke rawanin a hankali. Ya ce, "Sauran fa?"

Abin da nake so ke nan a duniya, a tambaye ni. Na zayyano masa su ɗaya bayan ɗaya. Mahauci in zai yi burga sai ya ja hanci. Tela in ya samu kati mai kyau sai ya riƙa buga shi da farce. Shi kuwa Sarjan, in hannunsa wofi ne, sai ya tuna bariki. Na ce, "Duk sa'ad da ka ji ya ce lokacin da muke Agadas, to ba shi da komai. Bi shi."

Kwana huɗu muna karatu. Ina daka ina yi masa muryar kowa, yana amsa wa ke da kati, wa ke burga.

Ranar Laraba bayan azahar aka zauna. Na ji farcen tela yana tas-tas, na ce yau Sarjan ya shiga uku. Sai ga Agadas ta fito. Mahauci ya ajiye. Tela ma, da katinsa mai kyau, ya ajiye. Da ina da hankalin da nake da shi yanzu, a nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Amma ina! Zuciyata na wurin ɗalibina.

"Na bi," in ji maigida, "na ƙara zabuwa."

Sarjan ya yi dariya, ya cire takalmansa na soja, waɗanda ko Sallah ba ya rabuwa da su, ya dire su a tabarma. Aka buɗe kati. Babu wanda ya yi shewa. Mahauci kawai na ji ya ce "Innalillahi" can ƙasa-ƙasa. Maigida ya shigo gida yana takawa ƙwas-ƙwas, ni kuma na rangaɗa guɗa.

Ban gama ba sai ga matar tela, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ke, wa ya aike ku? Kin ɗauka mazanmu ba su da kunne ne? Mijina ya san Agadas ɗin nan tun ba ki san ta ba. Kowa da gangan yake faɗuwa! Ka bar wa Sarjan goro biyar, ranar rabo ya cika maka tiya har da tozo. Mijinki ma da yake faɗuwa da gaske, shi Sarjan ya fi ƙauna."

Ranar rabo, Sarjan ya zo da silifa. Ya duba takarda sama, ya duba ƙasa, ya juya bayanta, sunanmu ya ɓace. Bai gan shi ba sai da aka kai ga sharar buhu, ya sa tafin hannu ya share bakin tiya sumul. Yara biyar gare mu, ga surukata tsohuwa. Makon nan dilo, 'ya'yan anza masu ɗaci, muka jiƙa muka ci, tsohuwa na ci tana tambayar ko takalmi yana dahuwa.

Maigida ya ɗauki takalman ya kai masa har gida. Sarjan ya ce, "Soja ba ya karɓar sadaka. Abin da aka ci a fili, a fili ake maido shi."

Nan fa muka koma karatu, wannan karon na faɗuwa. Wallahi ya fi na farko wuya. Dole ka faɗi, kuma kada a ga ka faɗi da gangan. Ga sa'a ta maƙale wa mutumin nan kamar ƙarangiya. Sau biyu ya sake cin Sarjan ba da niyya ba, ya shigo da hular soja a hannu kamar zai yi kuka. Sai a zama na huɗu ya dace, ya samu katin da ya fi na kowa, ya yi ajiyar zuciya, ya kife shi ya ce ba zai iya da Sarjan ba. Takalmi ya koma, hula ta koma, zabina biyu na ƙarshe suka raka su. Rabo na gaba aka kira mu na uku, tiya har tana zuba.

Tun daga ranar, in na ga masu wayo sun taru suna yin abin da ya yi kama da wauta, ba na saurin gyara musu. Sai na fara tambayar wa ke riƙe da abincinsu.