Matar da ke Faɗuwa da Gangan

Mai shara ya jingine tsintsiyarsa a bango yana kallon matar da ke tsaye a ƙarshen barandar sashen kwamfuta. Za ta kai hamsin, gajeriya ce, gilashinta ɗaure da zare, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwali. A wuyan hannunta akwai 'yar na'ura kamar agogo. Ta gyara tsayuwa gaban wata tsohuwar katifa, ta rufe ido, ta saki jiki ta faɗi tim.

"Subhanallahi! Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba, gwaji nake yi." Daga kwance take ɗaga murya: "Saƙon ya shigo?"

"Bai shigo ba, Dakta," in ji abokin aikinta daga ɗakin bincike. "Bangon nan ne ke tare shi."

Tana miƙewa da kyar, dafe da ƙugu, tana yi wa mai shara bayani: in tsoho ya faɗi shi kaɗai a gida, na'urar za ta sanar da 'ya'yansa ta waya.

Bai tambaye ta wa ya taɓa faɗuwa a gidansu ba. Ya dai ji yadda muryarta ta karye a kan "shi kaɗai". Sai ya kakkaɓe mata katifar, ya ja gefe, ita kuma ta sake rufe ido.