Maƙerar da Aka Kulle

Kakarmu Iya Hurera ba ta yi wa mai zaman banza tatsuniya. A gidanmu na Gidan Sori, lokacin sanyi, da an ci tuwo an yi sallar isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta juye kwandon gujiya a tabarma. Kowa ya sa hannu ya yi ta ɓara, sannan bakinta ya buɗe. Ita kuma tana kaɗin auduga, kuma duk yaron da ya miƙa hannu ga mazarinta sai ta ba shi. Ni kaɗai na karya mata uku. Ranar da babana ya ɗaga hannu zai make ni saboda haka, tsawa ta daka masa kamar shi ne yaron.

"Bar shi shi karya! Kai da ba ka karya komi ba, mi ka iya?"

In za ta fara takan ce, "To, ga ta ta iso ƙofa." Mu kuma mu ce, "A buɗe mata ta shigo." Akwai wadda ta fi maimaita mana, ta wani maƙeri wanda duk ƙasar babu mai kayan aiki irin nasa. Yana da 'ya'ya uku, yana son su gaje shi, amma yana tsoron kada su ɓata masa kaya. Sai ya riƙa tsayar da su a bakin ƙofa, yana ɗaga abu daga nesa yana faɗin sunansa, suna amsawa. Wannan masaba, wannan awartaki, wannan zugazugi, wannan uwar maƙera. In ya tashi aiki ya kulle maƙerar, ya rataya makullin a wuya. Yaran suka haddace sunayen tsaf har suna rera su kamar waƙa, baƙi na zuwa suna yaba musu.

Ana nan sai maƙerin ya rasu, daidai faɗuwar ruwan farko. Manoma suka yi dafifi da karyayyun hauyoyinsu. Aka buɗe maƙera, 'ya'yan suka shiga, suka jeru, suka fara waƙarsu. A nan Iya kan ajiye mazari ta riƙe ƙugu ta rera, "Masaba, awartaki, zugazugi!" Mu kuwa mu yi ta birgima a tabarma don dariya. Ita ba ta dariya.

"Mi kuka ma dariya?" in ji ta. "Ko wuta ba su iya hurawa ba. Haki ya cinye gonakin garin ga duka, shekarar nan da yunwa sunka kwana."

Na ɗauka labarin wawayen yara ne. Sai da na yi furfura a gemu na gane ba yaran take zagi ba.

Yanzu ni tela ne a Agiye, ina da 'ya, Balkisa, a ajin ƙarshe na kolej. Tun tana ƙarama take cewa ita aikin kuran, wato lantarki, za ta koya, ta sa wa garinmu wuta. In ka buɗe kayenta, littafin rubutunta na kimiyya, sai ka ga zane tsaf da jan biro da shuɗi, ga pil, wato batir, ga waya, ga ƙwan fitila, kowanne da sunansa da Faransanci. Mushensu, malamin ajin, yana yabonta, ni kuma ina ta baza haƙora a kasuwa.

Rannan fitilarmu mai aiki da hasken rana ta mutu. Na miƙa mata cikin alfahari, na ce injiniya, a duba mana. Yarinyar nan ta mayar da hannuwanta baya kamar na miƙo mata kunama.

"Baba, ni ban taɓa riƙe wayar wuta ba. A allo muke gani."

"Duk shekarun nan?"

"Kayan suna ɗakin ajiya. Ba a bari mu taɓa." Sannan ta ce, "Ni fa in na gama kolej na je lise zan bar kimiyyar nan. Hadda kawai nake yi, ban iya komi ba."

Wallahi ban runtsa da daɗi ba. Da safe na rufe shago na tafi lakol ɗin, makarantar tasu. Direkta mutumin kirki ne, ya karɓe ni da fara'a, har ya buɗe mini ɗakin don in gani da idona. Kwalaye ne jibge, wasu masu taimako suka kawo tun shekarun baya, cike da ƙananan fitilu da wayoyi da faifan hasken rana irin na koyon yara. Ko ledarsu ba a ɓare ba. Ya ce in manyan baƙi sun zo daga Maraɗi akan fito da su a jera a tebur, yara su tsaya a baya a ɗauki hoto, a mayar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, don hoto aka kawo su?"

Ya ce, "Malam Sanusi, yaran nan ɓarna gare su. In abu ya lalace, ni za a tambaya."

"To in yaran suka lalace fa, wa za a tambaya?"

Ya yi murmushi, ya ce in yi haƙuri, ya murɗa makulli ya sa a aljihu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba rashi ne ya hana 'ya'yanmu ba. Da babu ne, da na ce Allah ya kawo. Akwai, an kawo har ƙofa, sai muka mai da kayan koyo kayan ado. Mun fi tausayin waya a kan yaro. Kuma ban wanke kaina ba, don ni ma shekara nawa ina korar yara daga jikin keken ɗinkina. Iya da ba ta taɓa taka lakol ba ta san cewa asarar mazari uku ba asara ba ce.

Da na koma gida na ɗauko matacciyar fitilar da ƙaramar wuƙa, na ajiye a gaban Balkisa. Na ce ta buɗe, in ta lalace ta lalace. Ta kwance ta, ta daɗe tana kallon cikin, ta haɗa wasu wayoyi biyu. Sai ƙara, sai hayaƙi, sai warin roba ya cika tsakar gida. Uwarta ta fito tana salati. Fitila dai ta ƙone ƙurmus.

Balkisa ba ta ko ɗago kai ba. Ta jawo kayenta, ta dubi zanen, ta dubi wayoyin, idonta ya yi wani haske da ban taɓa gani ba.

"Baba, na gano! Juya su na yi. Ba ni wata in sake."

Ba ni da wata. Waɗanda ke akwai suna can cikin leda, makullinsu na aljihun direkta.