Gaisuwa a Bakin Ƙofa

Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, ina zaune a unguwar Taman Melati, maƙwabcina wani malamin jami'a ne daga tsibiran tekun Fasifik. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ga sanyin hali kamar ruwan randa. Wata Asabar ya gayyace mu, mu 'yan Najeriyan benen, mu zo kallon ɗansa a talabijin. Yaron yana cikin 'yan wasan rugby na ƙasarsu a gasar ƙasashen tsibirai. Tun da aka fara yana zaune a benci, sai ranar aka ce zai shiga fili.

Mu dai ƙwallon ƙafa muka sani, mai awa ɗaya da rabi. Ba wanda ya gaya mana wannan na mutum bakwai-bakwai ne, minti bakwai a juya, bakwai a tashi. Muka tsaya a mamak, wato shagon abinci, muka yi tapau, aka ƙulle mana abinci a leda, don ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana.

Muka iso an riga an fara. Babbanmu, wani dattijo Bakano, shi ne a gaba, shi kuwa ko gobara ake yi ba ya gutsure gaisuwa. Ya riƙe hannun mai gida a bakin ƙofa: ya iyali, ya aiki, ya mutanen gida can tsibiri, ya ruwa. Da ya sake shi, na bayansa ya ɗora. Mai gida ya ba talabijin baya yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, domin a wajensu ma ba a juya wa baƙo ƙeya.

Ta gefen kafaɗarsa na hango wani dogon yaro a talabijin ya rungume ƙwallo kamar gwanda, ya tsere wa mutum uku, ya faɗi bayan layi, wato ya ci ke nan. Matar gidan ta kurma ihu tana kiran sunan ɗanta. Mai gida bai waiwaya ba.

Muka zauna. Dattijo ya gyara hula ya ce, "To, yaushe za a fara?"

"Ai an gama," in ji mai gida. An cinye su yaron, sun fita daga gasar.

Can sai waya ta yi ƙara. Yaron ne, yana haki, muna jin muryarsa.

"Baba, ka gani?"

Tausayin mutumin ya kama ni. Ya dube mu, ya dubi ledojin abincin da muka jibge masa.

"Na gani," ya ce.

Sai ya tashi ya ɗauko mana faranti.