Bitar da ta cinye gawon kakana

Har yau idan na ji saran gatari a jikin ɗanyen itace, sai raina ya ɓaci. Ka yi mini uzuri, mai karatu, abin ya samo asali tun ina yarinya a ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta.

Gonar kakana ba ta da faɗi, don a wajenmu gona na jingine da gona ne, amma akwai gawo uku a cikinta. Gawo yakan zubar da ganye da damina, rana ta samu shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Da rani kuma sai ya yi kore shar, awakinmu su wuni suna cin 'ya'yansa, mu muna shan inuwa.

Babana mutum ne mai son ƙarin sani. Da gemunsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma duk inda aka ce ana bitar manoma, yana kan kekensa. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Laifin na wasu masu fararen riguna ne da suka tara su kwana uku a gari, suka ce gonar zamani ba ta da itace, a share ta tantan zai zo ya yi huɗa. Suka ba shi takardar shaida, ya dawo yana ta murna.

Kakana ƙafa ta riga ta hana shi noma, ya damƙa wa Baba gonar. Yana zaune a zaure ya ce, "Shi wanda ya koya maka, ya taɓa cin tuwon gonar nan?"

Babana ya sunkuyar da kai ya amsa masa. "Baba, ilimi ne ya zo."

Kwana huɗu ana sara. Kakana bai sake taka gonar ba har ya rasu. Tantan kuwa bai zo ba, don ko hanyar da zai bi babu. Damina uku aka yi ƙasar ta koma rairayi, gero ya tsumbure, Inna ta sayar da awakinta saboda rashin abin ba su da rani. Masu bitar ko sau ɗaya ba su leƙo sun ga abin da bakinsu ya jawo ba. Na tsane su a lokacin, kuma ban huce ba.

Yanzu ni ma malamar gona ce. Watan jiya aka tura mu bita a otal mai sanyi a Kano, wani saurayi da bai san kan fartanya ba ya haska hoton gawo a bango. Wai sabuwar dabara ce, mu je mu wayar da kan manoma su daina sare shi. Aka tafa masa. Ni hannuna yana kan cinyata, ina jin kamar in tashi in fita.

Da na je gida na faɗa wa Baba. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na zaci zai yi faɗa, amma sai ya daɗe yana murza carbi.

"To, za mu dasa," ya ce. "Sai dai ni ba zan zauna a inuwarsa ba. Da ma kakanki zan faɗa wa ya yi gaskiya, ga shi ba ya nan."