Wasiƙu Biyu a Akwatin Malam Sodangi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1967, saura mako guda Babbar Salla, Allah ya karɓi ran Malam Sodangi a gidansa da ke Kurfi, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Da hantsi labarin ya iske ni a Dutsin-Ma, ina tsaye bakin tanderu. Wani direban motar hatsi ne ya tsaya, ya leƙo ya ce, "Rabo, sai haƙuri, abokinka ya cika." Na bar burodin da ke ciki ya ƙone, na hau keke. Na samu jana'iza. Da liman ya nemi duk wanda ke da haƙƙi a kanka ya yafe, Malam, ni na fara buɗe baki na ce na yafe duniya da lahira. A ranar ban san akwai abin yafewa ba.

Zan fara da alherinka, domin shi ya riga zuwa, kuma ba ni da ikon share shi.

A 1954 aka kawo ka Dutsin-Ma kana koyar da manya karatun boko a ajin Yaƙi da Jahilci. Ni kuwa mai gidan burodi ne, ban san ko baƙi ɗaya ba, kuma lokacin ajinka shi ne lokacin kwaɓina. Da ka ga ban zuwa, sai ka biyo ni. Ka tsaya a kan teburin kwaɓi, ka barbaɗa fulawa, ka rubuta baƙi da yatsa, ka ce in kwaikwaya. Haka muka yi wata huɗu. Ranar da na karanta rubutun da ke jikin buhun fulawa ni kaɗai, ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka, ka fita kana gaya wa masu wucewa cewa Rabo ya zama malami.

Daga nan rumfar ƙofar gidan burodina ta zama majalisa. Bayan la'asar fataken hatsi da dillalan shanu su taru, a dafa shayi, kai kuma ka buɗe jarida ka karanta musu a hankali, kana tsayawa kana bayani. Ba ka cin lafiyayyen burodi. Wanda gefensa ya ƙone kake zaɓa, wai ya fi ƙamshi, alhali na san don kada ka rage mini na sayarwa ne. Daminar da ruwa ya rushe mini tanderu, kai ne ka tuɓe riga ka shiga kwaɓin ƙasa da ƙafafunka, mutane na kallon malamin makaranta cikin taɓo har gwiwa. Tsofaffi kuma suna kawo maka wasiƙun 'ya'yansu ka karanta musu, ka rubuta amsa, ba a taɓa jin sirrin wani ya fito daga bakinka ba. Duk garin an shaide ka da amana.

Kana da akwatin ƙarfe cike da littattafai. A cikinsu akwai wani na labarin ƙasashe, bangonsa ya yage, yana da taswira da hoton jirgin ruwa. Shi muka fi buɗewa. Ka ɗora yatsa a kan Katsina, ka gangaro da shi har inda ƙasa ta ƙare, ka ce, "Nan ne Ikko. Daga nan sai ruwa, ba a hango ƙarshensa." Wani mahauci ya rantse ba yadda za a yi ruwa mai yawa haka ya yi gishiri, kuka kwashe mako kuna gardama. Ni dai tun daga lokacin na ƙwallafa rai sai na ga teku. Kai ka dasa mini wannan buri. Kafin in san ka, iyakar tafiyata Katsina, kuma ban ji na rasa komai ba.

A ƙarshen 1958 Alhaji Mahmuda ya zo ganin gida. Mutumin Makera ne, nan kusa da mu, ya daɗe a Ikko yana fataucin goro. Ya zauna a majalisarmu, ya ci burodina, ya juya shi a hannu ya ce yana shirin buɗe gidan burodi a can, kuma ɗan gida yake so ya riƙe masa. Ya ce da zarar an gama gini zai rubuto. Ba ni da adireshi, don haka na ce ya rubuto ta hannun Malam Sodangi na makaranta. Kana zaune aka yi maganar. Ka ce, "Ba komai, Alhaji, in ta zo hannuna ta zo hannunsa."

Na gaya wa mahaifiyata, Inno. Bayan kwana biyu ta kira ni ta sa mini albarka, ta ce in je in ga duniya, ƙannena sun isa su kula da ita. Har bargo ta sa aka saƙa mini, don an ce mata sanyin jirgin ƙasa ba kyau.

Na fara jira. Kullum ka shigo rumfa sai na dubi hannunka. In na tambaya, ka ce, "Shiru dai, Rabo." Rani ya wuce, damina ta wuce, wata ta sake zagayowa. Wata rana ka ce mini mutanen birni haka suke, maganarsu a baki take tsayawa, in cire rai. Na cire. Amma na cika zuciyata da ƙin Alhaji Mahmuda. Inno ta rasu a 1961 tana cewa Allah ya isar wa ɗanta.

Shekara guda bayan rasuwarta Alhaji Mahmuda ya sake zuwa gida. Ya tako har rumfata da fara'arsa, ya yi sallama, ya miƙo hannu. Na amsa sallamar a daƙile, ban juyo ba. Ya ce a ba shi burodi biyu ya kai wa yara. Na ce, "Ya ƙare, Alhaji," ga shi kuwa jere a kan tebur, yana tururi. Ya dubi burodin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da kasuwa." Ya juya ya tafi. Kana zaune a kan benci, Malam, kofin shayi a hannunka. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a ranar. Ka sunkuyar da kai kana hura shayin. Bai sake takowa wurina ba, kuma a 1964 aka aiko cewa ya rasu a can Ikko. Ban je wa danginsa gaisuwa ba.

Da ƙirjinka ya matsa maka ka ajiye aiki ka koma Kurfi, ban bar ka ba. Duk ranar kasuwar Kurfi sai na ɗaure akwatin burodi a bayan keke, in na gama sayarwa in wuce zaurenka da ƙonannen gefen da kake so. Mu ci, mu sha shayi, ka aika a ɗauko littafin nan na taswira. Har a watan da ka kwanta, ka riƙe hannuna ka ce, "In na ji sauƙi, Rabo, bana sai mun ga ruwan nan." Na ce in Allah ya yarda. Na fito ina share hawaye don tausayinka.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, maiɗakinka Kulu ta yi mini magana daga bayan ƙofar zaure, tana cikin takaba. Ta ce, "Malam Rabo, ya bar wasiyya a ba ka akwatin littattafai. Ya ce kai da kanka za ka buɗe, kada kowa ya taɓa." Na ɗaure shi a keke na kawo gida. Washegari da rana na buɗe, na ɗauko littafin taswira don in ji ɗuminka. A ƙarƙashinsa, a naɗe cikin tsumma, na iske ambulan biyu. Sunana ne a jiki, ta hannun Malam Sodangi. Duka an farke su.

Ta farko an rubuta ta a watan Afrilu na 1959. Alhaji Mahmuda yana cewa an gama gini, tanderu biyu, da ɗakin da zan zauna. In hau mota zuwa Funtuwa, in shiga jirgi, in na sauka a Agege in tambayi gidansa, kowa ya sani. Ta biyu bayan wata biyu aka rubuta ta, kuma ita ce ta sa na zauna a ƙasa. Ya ce: "Na ga amsarka, cewa mahaifiyarka ba ta yarda ba. Ban ji haushi ba, bin iyaye ya fi komai. Duk ranar da ta sake ka, wurinka yana nan."

Ashe ba ɓoyewa kaɗai ka yi ba. Ka zauna, ka ɗauki alƙalami, ka amsa da sunana, ka jingina ƙaryar a kan Inno, matar da ta sa aka saƙa mini bargon tafiya. Da karatun da ka koya mini na karanta abin da ka yi mini.

Na koma Kurfi na tambayi Kulu ko ta san wani abu. Ta rantse ba ta taɓa ganin takardun ba. Abin da kawai ta tuna, a shekarar kakan dawo gida ka ƙi cin abinci, kuma ka taɓa ce mata, "In Rabo ya tafi, wa ya rage mini a garin nan?" Ta ɗauka zance ne kawai.

To, wataƙila dalilin ke nan. Wataƙila ka ji tsoron kaɗaici, ko ka ji tsoron birni ya lalata ni, ko kuwa ka san ƙirjinka ba zai taɓa barin ka ka yi tafiyar ba, ka kasa jure in gani kai ba ka gani ba. Na juya su duka, ba wanda ya sanyaya mini rai. Da ka ce mini, "Rabo, kada ka tafi, ina bukatarka," wallahi akwai yiwuwar in zauna, kuma da na zauna da zaɓina. Ban ce Ikko za ta fi mini alheri ba, Allah kaɗai ya san wannan. Ba teku nake kuka ba. Shekara takwas nake ba ka burodi, kana kallon idona kana karanta mini labarin inda ka hana ni zuwa. Ka bar uwata ta mutu tana kai ƙarar wanda bai yi mata laifi ba. Ka bar ni na wulaƙanta dattijon da ya ajiye mini ɗaki, yanzu kuma ba inda zan same shi in ba shi haƙuri.

Abu ɗaya nake riƙewa a wajenka: ba ka ƙone su ba. Murhu yana gidanka shekara takwas. Ka adana su, ka kuma tabbatar sun iso hannuna. Na ɗauki wannan a matsayin neman gafarar da ka kasa yi da baki. Na so a ce ka yi ta kana raye, in yi maka faɗa, ka ba ni amsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Makera, na nemi ƙanen Alhaji Mahmuda, Ɗanmusa. Na karanta masa wasiƙun, na gaya masa abin da na yi wa yayansa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Ya yi maganarka kafin ya koma. Ya ce bai san abin da ya yi maka ba." Ɗanmusa ya ce shi dai ya yafe a madadin yayansa. Na yi masa gaisuwar da ta makara shekara uku.

Malam, kalmar da na faɗa a gaban gawarka ba zan janye ta ba. Na faɗe ta a gaban jama'a, kuma ba na so ka tsaya gaban Ubangiji da haƙƙina a wuyanka. Bakina ya yafe. Zuciyata ba ta iso ba tukuna, ina roƙon Allah ya kawo ta.

Allah ya jiƙan Malam Sodangi, ya duba dubban alheran da ya yi wa mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, ya yafe masa wannan da abin da ba mu sani ba. Allah ya jiƙan Alhaji Mahmuda, ya saka masa da gidan da ya fi wanda ya tanadar mini. Allah ya jiƙan Inno. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulu, da 'yarsu Zinariya, da dukan dangi. Ba ku da hannu a cikin wannan, kuma zumuncina da gidanku yana nan yadda yake. Allah ya ba ku haƙuri, ni ma ya ba ni. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ba tare da amanar kowa a naɗe cikin kayanmu ba. Amin.

Rabo Mai Burodi, Dutsin-Ma