Abin da Na Ƙi Faɗa wa Malamar Asibiti

Ni ne na yi kuskure, ba malamar asibiti ba, ko da yake na daɗe ina barin mutane suna ɗora mata laifin.

Yarinyar da abin ya faru a kanta 'yata ce ta fari. A gidanmu na makiyaya, can gefen Gwiwa, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna ya san cinsa ko ciwonsa, balle a gaban manya. Tun da aka yaye ta yayana ya ɗauke ta riƙo. Amma kafin yayen, muna zaune da shanu kusa da Babura, an taɓa yi mata wata allura, fuskarta ta kumbura, numfashinta ya sarƙe. Likitan da ya ceto ta ya ce duk asibitin da aka kai ta in faɗa, ya yi ta maimaita mini sunan allurar har na riƙe. Daga ni sai uwarta muka sani.

Ta fara zama budurwa, sai kututturen dawa ya soke ta a ƙafa lokacin girbi, ƙafar ta yi ruwa. Ni da yayana da kawunmu muka kai ta wani ƙaramin asibiti a wajen Roni. Uwarta tana gida.

Malamar ta duba ƙafar, ta ce, "Wane ne mahaifinta?"

Yayana ya nuna ni da haɓa.

"Baba, an taɓa yi mata allura jikinta ya ƙi?"

Kawu yana tsaye a gefena. Na sunkuyar da kai na ce, "A tambayi mai riƙonta."

Yayana ya ce, "Wannan? Kamar karsana take, ko mura ba ta yi."

Malamar ta dube ni ta yi dariya. "Haba Baba, ai ba sunanta na ce ka kira ba."

Ni ma na yi dariya na fita waje, ina ce wa raina allurai ai suna da yawa, ba lallai a dace da waccan ba. Waccan ɗin ce aka yi mata, nan take fuskarta ta fara kumbura. Malamar ta yi iya ƙoƙarinta, ta sa aka nemo mota zuwa Kazaure. A hanya yarinyar ta cika, kanta a cinyar yayana, ni ina kujerar gaba.

A zaman makoki aka ce allurar malama ce ta kashe ta. Na bar su a kan haka. Matan rugarmu suka daina zuwa wurinta awo. Uwar yarinyar ba ta taɓa tambayata ko na faɗa ba, ni kuma ban iya haɗa ido da ita.

Sai bana na koma asibitin. Na jira layi ya ƙare, na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofarta. Ba ta gane ni ba sai da na ambaci ƙafar.

Na ce, "Malama, kin tambaye ni, kuma na sani. Har sunan allurar na sani. Kunyar kawuna ta hana ni magana, sannan na bari aka ɓata miki suna. Zan faɗa a gaban mutanenmu. Don Allah ki yafe mini."