An Bar Zubaida a Ƙofar Gida

Ranar Laraba da safe motar gidan Alhaji Sambo ta tashi daga Gummi zuwa Zariya, ta bar Zubaida tsaye a ƙofar gida da jakarta a hannu. Ita ce kuwa ta shirya tafiyar tun daga farko. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Zubaida 'yar ƙauyen Gwashi ce, matar Maharazu ƙanen Alhaji. Shekara goma sha ɗaya tana gidan nan, tana turara shinkafa ta shanya ta kai inji, ba ta da kowa nata a garin. Da zaman ƙauye ya gagara, Innarta ta koma Anka wurin wani ɗan ɗan'uwanta. Shekara huɗu ke nan rabon su da juna, domin Maharazu ya ce mace ba ta bin hanyar nan ita kaɗai, shi kuma kullum yana fadama. Bara yanar ido ta fara rufe ganin tsohuwar. Duk ran da waya ta shiga, maganarta ɗaya ce: a kawo mata jikokinta tun tana iya bambance fuska.

Sai ga matar Nazir, autan su Alhaji, ta haihu a Zariya, aka ce gida duka za a je suna. Hanyar ta Anka take bi. Zubaida ta roƙi a sauke ta can da 'ya'yanta biyu, Khairat da Sufyanu, a ɗauke su a dawowa. Alhaji ya ce, "Allah shi kai mu."

Kwana shida ba ta zauna ba. Ta yi dambun kifi da dakuwa, ta wanke jarkoki. Ta sa aka tambayo direba lokacin da motoci ke taruwa su tafi a jere, da ta ji ba a tsayawa a daji sai ta tanadi fo da ledoji, da lemun tsami don masu amai. Har takarda ta zana ta nuna mini: manya shida, yara tara, kowane babba da wanda zai ɗora a cinya. Nata biyun ta ba ubansu da kakarsu ta wajen uba, ita ta ɗauki tagwayen Alhaji, don sun fi rigima.

Takardar nan ce ta cuce ta. Alhaji ya duba ya ga in ta sauka a Anka, tagwayensa ba su da mai riƙe su har Zariya. Sai ya aika aka kira Basma, ƙanwar matarsa. Ba wanda ya gaya wa Zubaida sai da ta fito ta tarar da wurinta da mutum.

"Yaya," in ji ta, "to in riƙe su har Zariya. A dawowa a tsaya mini ko minti goma."

"Ba a tsayawa hanyar ga, ke ma kin sani. Kuma wa za ya ba awaki ruwa?"

Na ce, "Alhaji, awakin nan ni zan ba su. Ko su ma sunan aka gayyace su?"

"Atine, wagga maganar gida ce."

Maharazu yana nan yana ɗaure kaya a saman mota, igiya kawai yake kallo. Yaranta kuma aka ce 'ya'yan gida ne, dole su je. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta buɗe jaka ta miƙa wa Basma lemun tsamin, ta nuna mata wanda ke fara amai cikin tagwayen.

Da la'asar na shiga na same ta zaune a bakin rijiya, ba ta ma cire kayan fita ba. Gidan da ke cika da ihun yara, ba ka jin komai sai kaji. Wayarta tana ta ƙara a kan tabarma.

"Ki ɗauka mana."

"Yaya Atine, mi zan ce mata?"

Ni na ɗauka. Ɗan ɗan'uwan Innar ne. Ya ce tun hantsi ya riƙo hannun Inna ya kai ta bakin tasha, ta zauna a kan benci har azahar, duk motar da ta rage gudu sai ta miƙe.

Alhaji Sambo, Lahadi za ku dawo, kuma na san za a karanta maka wannan. Kai ma Maharazu ka ji. Ba haƙuri nake so ku ba ta ba, ta sha shi ta ƙoshi. Maharazu, ranar Litinin ka ajiye fartanya, ka sa matarka da 'ya'yanka a motar farko, ka zauna kusa da ita, ka kai ta gaban uwarta da kanka.